Yadda Za Ku Shirya Hutun Ƙarshen Mako Daga Accra Zuwa Kumasi, Kai da Iyalinka

Tun da muka dawo daga Kumasi ni da maiɗakina, ba a rabu da tambayata ba. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci a Nima, wani ya bugo waya daga Madina, kuma tambayar kusan iri ɗaya ce: wace mota kuka hau, ina kuka sauka, nawa ya ci, yara fa wa kuka bar wa? Shi ya sa na zauna na jera matakan yadda muke bin su, daga ranar da aka ƙulla niyya har a dawo gida. Kwana biyu ne kacal, Juma'a zuwa Lahadi, amma in aka tsara su da kyau, ma'aurata kan samu zaman da ba su samu ba cikin wata shida a gidan haya mai cike da hayaniya.

1. Ku fara yanke shawarar ko tafiyar ta wace ce

Wannan matakin shi ne ginshiƙi, kuma shi ne mutanenmu suka fi tsallakewa. Da wuya ka samu ɗan zango a Accra da ba shi da dangi a Aboabo, Asawase, Sabon Zango ko Yalwa. Da an ji za ka Kumasi, kafin dare ya yi an haɗa maka saƙo: wannan leda ta Gwaggo ce, wannan kuɗin na Kawu ne, ka biya ka yi wa su wane gaisuwar rasuwa. Zuwanmu na farko haka ya ƙare. Gida bakwai muka shiga cikin kwana biyu, kowane gida an kawo abinci, ba damar ƙi. Da muka zauna a mota za mu dawo, maiɗakina ta daɗe tana kallon taga, sannan ta ce a hankali, "Maigida, mun zo Kumasi, amma ni ban ga Kumasi ba." Maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ta faɗa.

Taura biyu ba ta taunuwa. In ziyarar dangi za ku je, ku tafi da wannan niyyar, lada ce babba. In kuwa hutu ne na ku biyu, to ku ware wa zumunci lokacinsa tun daga gida: safiyar Lahadi, gida ɗaya ko biyu na manya waɗanda ba zai yiwu a shiga gari a fita ba a gaishe su ba. Iyaye da wanda zai riƙe yara kawai za ku sanar da tafiyar.

Gargaɗi: kada ku sa hoto ko ɗaya a WhatsApp ko Facebook sai kun dawo. Hoto ɗaya a ƙofar fada ya isa wayarka ta fara ruri kafin ka gama zagaye.

2. Zaɓen rana

Ku duba abubuwa uku. Na farko ruwan sama: Kumasi ta fi Accra ruwa, kuma daga Afrilu zuwa Yuli damina na da ƙarfi, sai kuma ta sake dawowa wajen Satumba da Oktoba. Na biyu, ku kauce wa makon Ista, domin jama'a kan yi dafifi zuwa tsaunin Kwahu, hanya ta cushe a Nkawkaw. Ƙarshen Disamba ma haka, mota da ɗaki duk sukan yi tsada.

Na uku shi ne Akwasidae, zaman da Asantehene, wato sarkin Asante, ke yi a fadar Manhyia ranar Lahadi, sau ɗaya duk bayan kwana 42. Ranar sarakuna kan fito da manyan laimomi da tambura da zinare. In kuna son ganin wannan, ku nemi ranar tun da wuri ku daidaita tafiyar da ita, amma ku sani Lahadinku ta tafi ke nan, sai dai ku dawo Litinin.

3. Lissafin kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kwasar adashi muke jira, mu ware kuɗin tafiyar a gefe yadda ba zai taɓa na cefane da na makarantar yara ba. Kuɗin mota yana hawa da sauka tare da kuɗin mai, saboda haka ka leƙa tasha ko ka buga waya a makon tafiyar ka ji na ranar, kada ka dogara da abin da abokinka ya biya bara.

Yadda nake raba namu shi ne, a kowane sidi 100: kamar 35 na ɗaki na kwana biyu, 25 na mota zuwa da dawowa mutum biyu, 15 na abinci, 15 na zirga-zirgar cikin gari da kuɗin shiga wurare, sauran 10 kuma a ajiye ba a taɓawa sai ta kama. Kuɗin tsaraba da ɗan abin da za a miƙa wa manya wajen gaisuwa lissafinsu daban ne, a ambulan daban. In aka haɗa su da na tafiya, kasuwar Kejetia za ta cinye kuɗin komawa gida.

Ku raba kuɗin gida biyu, rabi a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, rabi a hannu, kuma na hannun a samu canji ƙanana don trotro, wato ƙananan motocin haya, da masu abinci. Kowannenku ya riƙe wani abu a jikinsa, ko da cunkoson kasuwa zai raba ku.

4. Kama ɗaki

Unguwa ita ce farkon abin dubawa, kafin kyan gado. Nhyiaeso, Danyame da Ahodwo sun fi natsuwa, sun kuma fi tsada. Asokwa tsaka-tsaki ce. Adum na tsakiyar gari, kusa da komai, amma da rana ba ta da shiru. Bantama gari ne na dare, mai son barci da wuri ya nisance ta. Masaukan da ke gefen Asawase da Aboabo suna kusa da masallatai da abincin da hankalinka zai kwanta da shi, sai dai nan ne idon sani ya fi yawa.

Kafin ka tura ko pesuwa ɗaya, ka bugo musu ka yi waɗannan tambayoyin: akwai janareta in an ɗauke wuta, kuma yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kawai? Ruwa na zuwa a bandaki dare da rana? Kuɗin da suka faɗa har da haraji da karin kumallo? Ƙarfe nawa ake sakin ɗaki ranar tafiya? Sai tambayar da mutane ba sa yi: akwai mashaya, coci ko filin taro a jikin masaukin? Asabar ranar makoki ce a ƙasar Asante. Za ka ga gari ya cika da baƙaƙe da jajayen tufafi, an kafa rumfuna, an jera manyan lasifikoki. Mun taɓa sauka a wani masauki mai tsabta da araha, ashe filin da ke bayansa na haya ne. Daga azahar ɗin Asabar har dare gilashin taga na rawa. Saboda makokin nan kuma ɗakuna kan ƙare da wuri, don haka ka kama naka tun mako guda kafin tafiya.

Gargaɗi: in za ka ba da kafin alƙalami ta MoMo, ka duba sunan da ya fito kafin ka tabbatar, ka nemi a nuna maka ɗakin ta kiran bidiyo, kuma kada ka biya kuɗin duka sai ka gani da idonka. Lambar sirrinka kuwa ba mai masaukin da ke da hurumin tambaya.

5. Haɗa kaya

Jaka ɗaya ta isa mutum biyu. Katin Ghana na kowa, domin a masauki za a nema, kuma wuraren tarihi sukan bambanta kuɗin ɗan ƙasa da na baƙo. Darduma, ƙaramar buta, caja, laima, takalmi mara tsini ga uwargida, maganin da kuka saba sha, da mayafi mai kauri ko rigar sanyi saboda sanyin cikin bas.

6. Hanya

Tsakanin Accra da Kumasi kusan kilomita 250 ne, amma kada tazarar ta ruɗe ka. Awa biyar zuwa shida ake yi, in hanya ta cushe ya wuce haka. Manyan motocin kamfanin VIP suna lodi a tashar Circle da ke Accra, su sauke a tashar Asafo da ke Kumasi, kuma galibi sai mota ta cika take tashi. Motar kamfanin STC kuwa da lokaci take aiki, ana iya sayen tikiti tun kafin ranar. Mai hali yana iya hawa jirgi, bai kai awa ɗaya a sama ba, ya sauka a filin jirgin Prempeh na Ɗaya, sai dai kuɗinsa ya ninka na bas sau da yawa. Ni na fi son bas, don hirar da muke yi a kujerun nan biyu na gefe guda tana cikin abin da muka fito nema. Ka roƙi mai sayar da tikiti ya haɗa ku wuri ɗaya, a tsakiyar mota, ba can baya ba.

Lokacin tashi shi ne sirrin. Ka nemi hutun Juma'a a wurin aiki, ko ka bar wa yaronka shago, ku yi sallar asuba ku nufi tasha. Wanda ya ce sai ya sauko daga Juma'a zai kama hanya, zai sha zama tsakanin Ofankor, Pokuase da Amasaman, ya shiga Kumasi cikin dare a gajiye, kwana ɗaya ya tafi a banza. Mai tashin asuba kuwa zai wuce Nsawam da Suhum da sanyin safiya, a ɗan tsaya hutawa wajen Bunso, ya ga duwatsun Kwahu sun tokare sama a Nkawkaw, ya bi Konongo da Ejisu, in Allah ya sa hanya ta yi kyau ya riski Juma'a a Babban Masallacin Kumasi da ke Asawase, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara. Tafiyar ta kai a yi ƙasaru, wannan ma sauƙi ne da bai kamata a manta da shi ba.

A masallacin nan da wuya ba ka haɗu da wanda ya san ka ba. Kada ka ɓuya, kada kuma ka yi ƙarya. Ka gaisa da fara'a ka ce, "Kawu, da iyali muka zo, in sha Allahu Lahadi da safe za mu shigo gaisuwa." Sai ka cika alkawarin.

Gargaɗi: kuɗin kaya daban ake biya, ka karɓi shaidarsa. A wurin hutawa ka haddace lambar motarku, domin jajayen motocin nan kamarsu ɗaya.

7. Yammacin Juma'a: barci, sannan kasuwa

Ku shiga ɗaki ku kwanta. Ba asara ba ce, barcin da babu yaro mai buga ƙofa yana cikin hutun. Bayan la'asar ku shiga Kejetia, amma da jerin abin da za ku saya, kuma awa ɗaya da rabi ya isa. Kasuwar tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, wanda ya shige ta ba manufa zai fito da ciwon ƙafa da aljihu wayam. Ku zaɓi ƙofa ɗaya ku ce nan za a haɗu in an rabu. Jaka a gaba, waya a aljihun gaba. Hausa za ta kai ku nesa a cikinta, amma kalma biyu uku na Twi suna sauke farashi: "eye sen" wato nawa ne, "te so" wato a rage, "medaase" wato na gode. Kuɗi da kaya duk da hannun dama.

A cikin gari akwai trotro, tasi, motar Bolt da ake kira ta waya, da keken nan mai ƙafa uku da suke kira pragya. In tasi ko pragya za ku ɗauka shata, a gama ciniki kafin a zauna.

Da dare ku nemi tuwon zafi a zango. Ka tsaya inda ka ga layi. Tuwo mai laushi, miyar ayoyo kore shar, a zuba jar miya a kai ta malale gefe, nama biyu uku. Ku zauna a benci ku ci a kwano ɗaya kamar farkon aure.

8. Asabar: wuri biyu, kada a ƙara

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jera wurare shida a rana ɗaya. A ƙarshe ba abin da kuka gani sai bayan direba, ga gajiya, ga ɓacin rai. Wuri ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

Ku karya da koko da ƙosai, ko waakye, wato shinkafa da wake, tun tana tururi. Ka ce wa Hajiya ta zuba a ganye, ta sa taliya da gari da ƙwai da ganda, shito kuma, wato soyayyen yaji, kaɗan tukuna sai kun ɗanɗana, domin hannun kowace mai abinci daban ne wajen yaji.

Ƙarfe tara ku kasance a gidan tarihin fadar Manhyia, kafin motocin 'yan makaranta su iso. Ginin Turawan Ingila ne suka yi shi a 1925 domin Asantehene Prempeh na Ɗaya bayan dawowarsa daga tsibirin Seychelles inda aka kai shi gudun dole, aka mayar da shi gidan tarihi a 1995. Za a haɗa ku da mai zagayawa da baƙi, ya bi da ku ɗaki ɗaki: kujerun sarauta, kayan da sarakuna suka yi amfani da su, da mutum-mutumin sarakunan da in ka shigo ba shiri sai ka ɗauka za su amsa sallama. A 2024 aka baje wasu kayan zinare da Turawa suka kwashe tun ƙarni na 19, waɗanda gidajen tarihi na Landan suka maido a matsayin aro. A gaban waɗannan muka fi daɗewa. Maiɗakina ta ce abin da ya ba ta mamaki shi ne a ara wa mutum kayansa. Ku ware awa ɗaya da rabi, ku yi tambayoyi, ku kuma ɗan sallami mai zagayawar in ya kyauta.

Gargaɗi: kada ka ɗaga waya a cikin ginin sai ka nemi izini. Kuma kada ku sa ran ganin Kujerar Zinare ta Asante, ba a ajiye ta don kallo.

Da rana sai fufu, domin wanda ya zo Kumasi bai ci fufu ba, bai gama zuwa ba. Na rogo da agade ake dakawa, a kawo shi cikin kaskon ƙasa yana iyo a miya. A nan sai an yi hattara. Gidajen abinci da yawa suna dafa naman daji kamar gyazbi, wanda suke kira akrantie, wasu har da alade, wato prako, kuma ludayi ɗaya kan zagaya tukwane. Ka nemi gidan da Musulmi ke riƙe da shi, akwai su a zango da gefensa, direban pragya ɗan zango zai kai ka kai tsaye. In ba ka samu ba, ka tambaya a fili wace tukunya ce ta kifi zalla. Ba wanda zai ga laifinka, mutanen gari sun saba da tambayar.

Da an yi azahar ku kama hanyar tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da gari, ta Kuntanase a gangara ƙauyen Abono. Masana sun ce wani dutse ne ya faɗo daga sama kusan shekara miliyan ɗaya da ta wuce ya haƙa ramin, ruwa ya cika shi, tsaunuka masu duhun itace suka kewaye shi kamar bakin ƙwarya. Masuntan wurin ba kwalekwale suke hawa ba. Za ka ga mutum zaune a kan falankin katako, ƙafafunsa cikin ruwa, yana tuƙi da hannuwa, ya yi nisa har ya koma ɗigo. Ku sayi soyayyar ƙaramar karfasa da yaji, ku matsa nesa da masu kiɗa, ku samu inuwa ku zauna. Ku kashe waya. A nan ne muka yi maganganun da muka shekara muna cewa sai an samu lokaci: karatun babban yaronmu, jarin da take son ƙarawa, da wani abu da na yi ya ɓata mata rai ban ma sani ba.

Gargaɗi uku a kan tafkin. Ka yi ciniki da mai tasi na zuwa da jira da dawowa gaba ɗaya, ka biya rabi, sauran sai an dawo, domin a bakin ruwa samun motar waya ba tabbas. In za ku hau jirgin ruwa, ba rigar kariya ba hawa. Kuma ku baro wurin kafin ƙarfe biyar, don hanyar hawa ce mai lanƙwasa, rana kuma wajen shida take faɗuwa.

Wanda ruwa bai dame shi ba yana iya musanya tafkin da Bonwire, garin masaƙan zanen kente da ke gefen Ejisu. In za ka saya wa uwargida, ka duba bayan ƙyallen: na saƙar hannu ƙwarya-ƙwarya ake saƙa shi a ɗinke, za ka ga layin ɗinkin, zanen kuma ya fito ciki da baya. Na bugun inji sumul yake, bayansa a kode. Takobin Okomfo Anokye, shahararren bokan Asante na zamanin da, da ke harabar asibitin da 'yan gari ke kira Gee, da gidan tarihin soja na tsohuwar ganuwar da mayaƙan sarauniya Yaa Asantewaa suka yi wa ƙawanya a 1900, da masu buga zanen adinkra na garin Ntonso, duk ku bar su sai wani zuwan.

Daren Asabar abu mara nauyi ya isa: tsire, wanda a nan ake ce wa cicinga, da kelewele, wato soyayyen agade mai yaji, da zafinsa a takarda, a kora da lamurje ko burkina mai sanyi, wato gero da nono.

9. Lahadi: gaisuwa da komawa

Ku haɗa kaya tun dare. Da safe a nemi tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, wanda ake kira omo tuo, abincin Lahadi ne a garin. Ku saki ɗaki kafin lokacin da aka gindaya, ku duba ƙarƙashin filo da jikin soket.

Sannan gaisuwa. Ku tafi da jakarku a hannu, ita ce za ta yi muku bayani. Ku zauna sosai, ku sha ruwa, ku miƙa ɗan abin da kuka tanada, ku karɓi addu'a. In an ce ku tsaya a ɗora tukunya, ka ce, "Inna, a yi mana afuwa, mota za mu kama, gobe akwai aiki, yara kuma na jira." Saƙon da za a ba ku na Accra ku karɓa da hannu biyu, a hanyar komawa ba ya hana komai.

Ku kasance a Asafo kafin sha biyun rana. Yammacin Lahadi duk waɗanda suka zo makoki suke komawa Accra, tasha ta cika, hanya ta cika, mashigar Accra ta tsaya cik. Tsarabar yara da ta wadda ta riƙe muku su, in ba ku gama a Kejetia ba, burodin Nkawkaw ko na Nsawam yana nan ana miƙo shi ta taga in mota ta tsaya, sai ka tanadi canjinka a hannu tun kafin a iso.